Awon Yaran Sabuwar Unguwa

Shekarar da muka tashi daga Ƙofar Rini, gidanmu ne na huɗu a unguwar nan. Unguwa nake cewa don yanzu ta zama unguwa. A lokacin gonaki ne kawai a gefen hanyar Kwalkwalawa, gero ta gabas, dawa ta yamma, sai mu a tsakiya da ɗaki biyu da katangar da ba ta kai kafaɗata ba. Matsi ne ya fito da mu daga cikin gari. Gidan su maigidana na gado ne, maza biyar kowa da iyalinsa, an yi ta yanka tsakar gida ana yin ɗakuna har ta koma lungu. In na kafa keken ɗinkina, sai mai wucewa da tukunya ta ce in ɗaga mata. Maigidana yana da shagon walda a Tudun Wada. Ya sayi fili tun yana da araha, ya riƙa ɗora bulo kaɗan-kaɗan har muka samu inda za mu sa kai. Mahaifiyarsa, wadda muke kira Inna, ta ce ita ma ba za a bar ta ba, muka taho tare.

Mutanen tsohon gida sun yi mana dariya sosai. Suka ce mun koma daji, in kura ta ɗauke mu kada mu aiko. Ban tanka musu ba, don na riga na ga abin da ba su gani ba: duk safiya sai na hango wani da igiya da turaku yana auna gonar wani.

Ba a daɗe ba kuwa gari ya biyo mu. Ma'aikata suka zo, masu gini da albashi, bana a yi tushe, baɗi a kai tagogi, a shiga ɗaki ɗaya tun siminti bai bushe ba. Ɗaliban jami'a suka zo neman haya, masu wayo suka jera musu ɗakuna kowanne da bayinsa. Mutanen Filato da na Zuru da na kudancin Kaduna suka zo, malaman makaranta da kafintoci da masu gyaran mota. Manoman da suka sayar da gonakin kuma wasu suka koma fadama noman shinkafa da albasa, wasu suka sayi babur, suna ɗaukar mutanen da suka sayi gonakinsu suna kai su aiki. Kafin in yaye ɗana na biyu, ɗaya daga cikin matan da suka yi mini dariya ta aiko a tambaye ni ko akwai sauran fili kusa da mu. Na ce a gaya mata akwai, amma kuɗinsa ya fi ƙarfin masu tsoron kura.

Masallaci ya zo, coci ya zo, mai shayi da mai cajin waya suka zo, har mai wankin mota. Abu ɗaya ne bai zo ba, makarantar firamare. Wadda ta fi kusa da mu tana can tsallaken babban titi, wanda motocin jami'a da tifofin yashi suke bi kamar an koro su. 'Yata ta fari tana da shekara bakwai a lokacin, kuma kullum sai ta tsallaka titin nan sau biyu. Ni tela ce, a gida nake aiki, ba zan iya barin keke da ƙaramin yaro in yi ta rakiya ba. Sai dai in zauna ina taka keke kunnena yana titi. Duk ƙarar birkin da na ji sai ƙafata ta tsaya. Ranar da babur ya karya ƙafar 'yar maƙwabtanmu a wurin, na lalata wuyan riga biyu kafin azahar. A ranar na ƙudurta cewa yarinyar nan za ta daina tsallaka titi, ko da me za a yi.

Mai unguwarmu dattijo ne manomi, kuma rabin unguwar a kan gonakin ubansa take zaune. Gona ɗaya ta rage masa, a tsakiyar gidaje, yana shuka dawa a cikinta kamar bai ga abin da ya kewaye shi ba. Ya ce in hukuma za ta ba da malamai, shi ya ba da gonar a yi makaranta. 'Ya'yansa kuwa ba su so, don dillalai sun riga sun gaya musu fuloti nawa za ta yi. Suka matsa masa har ya yanka lokaci: in an girbe dawa ba a ji komai ba, su yanka abinsu. Dattawa suka je ofishin ilimi, aka ce musu ba a buɗe makaranta da baki, su kawo sunayen yaran da suka isa shiga, a gani ko sun kai a ɓata malami a kansu.

Sai maza suka yi abin da suka saba, suka naɗa mutum biyu a cikinsu. Mutanen kirki ne, ban musa ba. Amma namiji ba ya shiga gidan wani, kuma da rana suka yi yawon, lokacin da masu gida suke wurin nema. Sai su tsaya a ƙofa su yi sallama, matar gida ta amsa daga bayan ƙyaure, su tambaye ta yara nawa, ta faɗa, su rubuta. Cikin kwana uku suka gama unguwa, sunayen ba su cika shafi biyu ba. Aka kai ofis, aka duba, aka ce yaran ba su kai ba, su ci gaba da zuwa inda suke zuwa.

Maigidana ya dawo da labarin da takardar a aljihu, jikinsa a sanyaye. Na karɓa na duba, sai dariya ta kama ni, daga baya kuma haushi. Ni ce nake ɗinka wa yaran unguwar nan kayan Sallah da na Kirsimeti. Azumi yana kai goma nake daina karɓar ɗinki saboda yawa. A ce mini yaran nan su ne shafi biyu?

Na kira maƙwabciyata ta katanga, wadda duk unguwa ke kira Malama. Mutuniyar Filato ce, tana koyarwa a wata sakandare a cikin gari, kuma tun zuwansu muke miƙa wa juna gishiri da wuta ta kan katanga. Muka zauna a tabarma muka bi takardar gida-gida. Ban kai gida na goma ba na gane inda ɓarnar take. A kusan kowane gidan mutanenmu babu babban yaro.

Malama ta ce, "Ban gane ba. Sun manta da su ne?"

Na ce, "Wa ka mance ɗa nai? Kunya ta, Malama. Ɗan hwari ba a hwaɗin suna nai, ba a sa shi lissahi."

Sai da na yi mata bayani dalla-dalla, don shekarunta a Sakkwato ba su kai ta ga wannan ba. A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta nuna nata ne. Na kakanni ne. In an tambaye ta 'ya'yanta, daga na biyu take farawa. Ba ƙi ba ne, kunya ce, kuma da ita ake gane macen da ta samu tarbiyya. Ni kaina haka na tashi, haka kuma nake yi. 'Yata ta fari Yaya take ce mini, Inna ce uwarta a bakin kowa. Bayan wannan akwai yaran riƙo, waɗanda aka kawo daga ƙauye wurin goggo ko kawu tun da unguwa ta fara cika. Su ma matar gida ba za ta lissafa su ba, don an ce mata 'ya'yanta, ba a ce yaran gida ba. Sannan ga masu tsoron baki, waɗanda in ka ce su ƙirga 'ya'ya sai su ce Allah dai ya raya, akwai kaɗan.

Malama ta ce wannan mai sauƙi ne, tunda mu mata ne sai mu shiga ciki mu tambaya. Na san ba zai yi ba, amma na bar ta ta gani da idonta. Muka shiga gidan wani mai babur, matarsa tana tankaɗe, yara uku suna tsaye sun zuba mana ido. Aka gaisa, aka ba mu ruwa. Malama ta buɗe littafi.

"Maman yara, yaranki nawa?"

Matar ta sunkuyar da kai ta ce, "Biyu na."

Malama ta dubi yaran, ta sake dubansu, ta nuna babbar da biro. "Wannan fa?"

"Wagga ba tawa ba ta. Ta kakatta ta."

"To yaya sunanta?"

Matar ta ja gyale ta rufe baki, ta ce tukunyarta tana ƙonewa, ta shige madafa inda ko wuta ba a hura ba. Yarinyar kuwa kamarsu ɗaya da uwar har wushirya. Muka fito Malama tana ta girgiza kai, ta ce ita a garinsu da sunan ɗan fari ake kiran uwa, har a manta nata. Na ce to nan ba garinsu ba ne, kuma in muka bi ta haka dawa za ta bushe a girbe muna gida na ashirin.

Dabarar ta zo mini ne washegari ina auna wani yaro. Uwarsa ta kawo shi ɗinkin wando, ɗanta na fari ne, na sani. Ba ta kira shi ba, ba ta dube shi ba, amma da na ɗauko tef sai ta sa hannu ta tura shi gabana, har tana cewa in ƙara tsawo don yana saurin girma. Na tsaya da tef a hannu ina kallonta. Uwa za ta iya ƙin faɗin suna, za ta iya ƙin ƙirgawa, amma ba a yi uwar da za ta yarda a yi wa yaran unguwa riga a tsallake nata ba.

Da la'asar na sa Inna a gaba muka je gidan mai unguwa, don bai dace in je ni kaɗai ba. Muka same shi a zaure yana gyaran igiya. Na durƙusa na gaishe shi.

Na ce, "Baba, a ba ni Assabar da Lahadi. In ban cika maka littahi ba, ka ba ɗiyanka gona su yanka."

Ya dube ni ya dubi Inna. "Ke ɗiyata, maza biyu sun yi kwana ukku ba su samu ba. Ƙaƙa za ki yi?"

Na ce, "Su tambaya sunka yi. Ni awo za ni yi."

Ya yi dariya har da tari. Ya ce in yi, ai ba a biyan kuɗin gwaji.

Muka baza magana ta inda maganar mata take bi. Ni na faɗa a islamiyya da wurin ɗiban ruwa, Malama ta faɗa wa matan cocinsu. Abin da muka ce shi ne, ranar Asabar da Lahadi za a auna rigar makarantar unguwa a gidan tela, duk yaron da ke kwana a unguwar nan a kawo shi, wanda ba a auna ba kada uwarsa ta zo tana kuka daga baya. Malama ta ce anya ba mu yi ƙarya ba, tunda makarantar ba ta zo ba tukuna. Na ce in ta zo wa zai ɗinka rigunan in ba ni ba? Ba zan ɓoye ba, na hango ciniki a ciki, kuma ban ga laifin mace ta taimaki unguwa ta taimaki kekenta ba.

Ranar Asabar tun ban gama shara ba aka fara sallama. Kafin hantsi layi ya fita ƙofar gida ya bi jikin katanga. Yara ta ko'ina, wasu ma ban taɓa ganinsu ba, ni da nake taƙama na san kowa. Ashe gidajen da ke can bayan gonar mai unguwa, waɗanda ko ƙofa ba a sa musu ba sai buhu, duk da mutane a ciki. Na rataya tef a wuya na tsaya a tsakar gida, Malama ta zauna da sabon littafi a kan cinya. Sai in kama kafaɗar yaro in auna, in ce, "Ƙaƙa sunanka? Wa ab babanka?" Yaro ya faɗa da bakinsa, Malama ta rubuta. Shekaru kuwa ba na ma tambayar uwa, in na ga faɗin kafaɗa da giɓin haƙori na sani. In yaro ya cika kunya ya ƙi magana, ƙanensa zai yi ihu da sunan daga cikin layi.

'Yan farin nan da aka ɓoye wa maza duk suka fito. Uwa za ta tsaya tana kallon wani wuri, kamar shirgin da ke kan rufin ɗakina ya dame ta, hannunta kuma yana bayan yaron yana tura shi. Ni kuwa bakina bai bar su ba. Matar mai babur ta zo da ukunta, na ce, "A'a, yau kaka ta ba da aron ɗiyatta?" Mata suka kwashe da dariya, ita ma ta yi cikin gyale. Na tsokani wannan, na tsokani waccan, na ce su dai sun kusa jawo mana asarar makaranta da kunyarsu. Na ji daɗin ranar ƙwarai, na ji ni wata ce. Har rana ta faɗi muna awo, Malama ta ce yatsunta sun ƙage.

Ranar Lahadi Malama tana coci da safe, sai na haɗa awo da rubutu ni kaɗai. Inna ta jawo kujerarta ta zauna dab da ni tana kallon jama'a. Da layi ya ƙare na kamo ɗana na biyu, mai shekara biyar, na auna shi na rubuta sunansa. Saura babbar. Ita ba ta shiga layi ba, kuma ba ta buƙatar awo, don tun tana jaririya da ido nake yanka mata kaya ban taɓa kuskure ba. Na ɗora biro a kan layin da ke ƙasa, sai na ji idon Inna a kan hannuna. Inna ba ta iya karatun boko ba, ko na rubuta ba za ta san me na rubuta ba. Duk da haka hannuna ya ƙi. Na ce a raina bari in ta tashi sai in sa. Kafin ta tashi wata mata ta shigo da yara huɗu a makare, sannan aka kira azahar, sannan mai unguwa ya aiko a karɓi littafin don ya kwana a wurinsa a yi sammako da shi. Na miƙa da hannuna ina ta fara'a. Wallahi ban sake tunawa ba.

Littafin ya cika har bangon baya. Da aka kai ofis ba su yarda ba, suka turo mutum ya gani. Ya zo ranar wata Asabar, mai unguwa ya sa aka tara yaran a bakin gonar, mutumin ya kira sunaye daga shafuka daban-daban, kowanne ya kira sai an amsa. Bai kai ƙarshe ba ya rufe littafin ya ce ya gani. Dawa tana tsaye ba a girbe ba takarda ta fito. 'Ya'yan mai unguwa suka yi fushinsu suka gama.

Bayan girbi aka share gonar. Hukuma ta ce za ta ba da hedimasta da malamai, gini kuwa sai a hankali, don haka unguwa ta yi karo-karo aka kafa rumfunan kwano uku, aji ɗaya zuwa uku. Maigidana ya haɗa ƙafafun bencinan makarantar a shagonsa, wani kafinta ɗan Zuru ya buga katako, aka yi su daidai yawan sunayen da ke littafi. Ni kuma na shiga ɗinki ba ji ba gani, har sai da na ɗauki mata biyu suna taya ni. Rigar 'yata ce ta farko da na yanka, daga sabon bandir, na yi mata aljihu biyu alhali na kowa ɗaya ne. Na rataye ta a ƙusa ban ce komai ba, ta gani ita ma ba ta ce komai ba.

Ranar da aka buɗe makaranta Litinin ce. Malama ta tafi aiki, maigidana ya tafi shago, Inna kuma gwiwa ta hana ta fita. Ni na kai yaran, na tsaya cikin mata a inuwar katanga ina karɓar gaisuwa kamar ni na gina wurin. Jama'a ta fi yadda aka zata, don tsakanin awo da buɗewa wasu sababbin gidaje sun tare, har daga unguwannin maƙwabta an turo yara, wasu da riguna masu kama da namu da aka ɗinka a wani wuri. Hedimastan, wani dogon mutum mai furfura da bai san kowa a cikinmu ba, ya ce shi da littafi zai yi aiki. Wanda ya ji sunansa ya shiga ya zauna. Wanda bai ji ba ya yi haƙuri ya koma inda yake zuwa, sai an ƙara benci baɗi.

Ya fara kira. Yara suna amsawa suna shiga, ina gane kowanne da kafaɗarsa. Aka kira ɗana ya ruga. Aka yi ta kira, fili yana raguwa, 'yata tana tsaye da jakarta a ƙirji. Sai da ya juya shafin ƙarshe na tuna ranar Lahadin nan da biro a hannuna. Ya rufe littafi. Ta rage cikin waɗanda za a mayar, da rigar da ta fi ta kowa kyau.

Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma dube ni ba. Ta juya ta fuskanci hanyar titi, don ta san in ta yi sauri za ta iya samun tsohuwar makarantarta kafin a rufe ƙofa.

Hedimasta ya ce akwai wuri ɗaya a aji biyu, don an ce masa wasu sun tashi daga unguwa. Iyaye suka yi ca, kowa yana tura nasa. Ya ɗaga hannu, ya nuna ta, wataƙila don ita kaɗai ce ba wanda ya tura.

"Yarinyar nan 'yar unguwar nan ce? Riga ba shaida ba ce, kowa yana iya ɗinkawa. Ina uwarta? Ta fito ta faɗi sunanta in rubuta."

Duk matan da ke wurin sun san amsar. Ba wadda ta buɗe baki. Suka juyo gaba ɗaya suna kallona, matar mai babur har da gyara tsayuwa ta naɗe hannu. Ba mugunta suka yi ba, kuma ban riƙe su ba, ni na koya musu cewa abin dariya ne. Na nemi Inna a gefena babu, na nemi Malama babu. Shekara takwas ban taɓa furta sunan nan ba, ko a ɗaki, ko ni kaɗai. Hedimasta ya ɗaga biro yana neman wani yaron da ido.

Na fito tsakiyar fili. Na ce, "Ɗiyata ta, Malam. Ni na haihe ta." Sannan na faɗi sunan, da na ubanta. Ya ce bai ji ba, hayaniya ta yi yawa. Na sake faɗa da ƙarfi, har yaran da ke cikin rumfa suka leƙo.

Ita kuwa ba ta motsa ba da farko. Ta waiga dama ta waiga hagu tana neman wanda ya kira ta, don ba ta san sunanta da wannan murya ba. Da idonta ya sauka a kaina sai ta sunkuyar da kai, ta wuce ta gabana ta shiga aji biyu ta zauna a bakin benci. Ba wadda ta yi dariya. Na ja mayafina na kama hanyar gida ban yi wa kowa sallama ba.

Na zauna a keke har azahar. Motoci suna ta taka birki a titi, ƙafata ba ta tsaya ba ko sau ɗaya. Da aka tashi ƙanenta ya shigo da gudu ya wuce wurin Inna. Ita ta shigo a hankali, ta ajiye jaka, ta zo ta tsaya a gefen keke, inda ba ta saba tsayawa ba. Na ci gaba da ɗinki kamar ban gan ta ba. Ta daɗe tana wasa da bakin aljihunta.

Ta ce, "Yaya, ashe kin san sunana."

Na yi alfahari da abubuwa da yawa a shekarar nan, amma maganar nan ta yi mini ciwon da har yau in na tuna sai na ji shi. Na ce ta je ta cire rigar kada ta ɓata ta, abinci yana madafa. Ta tafi. Zare ya tsinke mini, na yi ta neman kafar allura na kasa gani.